Takarda tana fitowa gefe ɗaya da danshi, mun ƙara tururi bai hana ba, ina masana?

Auwalu_Kwangila

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu sanin harkar tururi da injin takarda ku taimaka da shawara, abin nan ya ishe mu wallahi. Ina aiki ne a wani ɗan kamfani nan bayan garin Zariya, muna sayen tsofaffin kwalaye a hannun 'yan jari-bola mu jiƙa mu markaɗa mu mayar da su takarda ruwan ƙasa irin wadda ake sake yin kwali da ita. Injin namu tsoho ne na hannu, ganguna 16 ne na ƙarfe da tururi ke ɗumamawa a ɓangaren busarwa, kaurin kowacce mita 1.5, kuma gudunsa bai wuce mita 90 a minti ɗaya ba. Boilarmu ɓuntun shinkafa take ci, da shebur ake zuba mata.

Matsalar biyu ce. Ta farko a cikin naɗin takarda ɗaya sai ka ga danshi yana hawa yana sauka, yanzu ka auna ka samu kashi 5 cikin 100 an jima kaɗan ya koma 10, alhali ba wanda ya taɓa komai. Ta biyu kuma ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, gefen gaba wajen da muke tsayawa, kamar taƙi biyu daga baki, kullum a jiƙe yake fitowa, in ka ɗora tafin hannu a kan naɗin za ka ji sanyi-sanyi a wajen amma tsakiya da ɗaya gefen rau suke. Manaja ya ce a ƙara firesha, wato matsin tururi, muka tashi daga ba 2.5 zuwa 3.5 (ba shi ne ma'aunin firesha), gefen ya ɗan yi dama-dama amma sauran takardar ta bushe ƙarau ta yi gautsi, masu saye a Kano suka fara kira wai tana tsagewa a wajen lanƙwasa. Yanzu duk an ɗora wa bawan Allah mai kula da boila laifi, har ana maganar sallamarsa, ni kuma raina bai ba ni shi kaɗai ba ne. To wai firesha nawa ya kamata a ba gangunan nan takarda ta bushe daidai?

Injiniyan_Gobe

Wa alaikumus salam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ajin ƙarshe, mun ɗan taɓa wannan a darasi. Abin da na sani shi ne zafin tururi yana bin firesharsa, a geji, wato agogon da ke nuna firesha, ba 1 kusan digiri 120 ne, ba 2 kusan 134, ba 3 kusan 144, ba 4 kusan 152. Ka ga kenan daga 2.5 zuwa 3.5 bai fi digiri 9 kuka ƙara ba amma ya isa ya ƙona muku takarda. Shawarata ku sa sandunan nan da ake jerawa a cikin ganga su riƙa kaɗa ruwan da ke manne a bango, na karanta cewa suna daidaita zafi daga wannan baki zuwa wancan sosai.

Baba_Mai_Tururi

Salamu alaikum. Auwalu ɗana sannu da ƙoƙari, kuma kun bar jaki kuna dukan taiki, ku ƙyale mai boila tukuna. Na ci abinci da wannan aikin tun ina da baƙin gashi, lokacin da kamfanonin takarda na Jebba da Oku Iboku suke aiki ana alfahari da su, yanzu na dawo gida Tudun Wada ina hutawa, sai ka yi haƙuri da tsawon bayani na tsoho.

Ba wata lamba ɗaya da zan ba ka in ce ita ce firesha. Kuma matsalolinka biyun nan ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Danshin da ke hawa yana sauka a tsawon naɗi, wannan kam na tururi ne, firesha ce ke rawa. Amma gefen da ke fitowa a jiƙe kullum a waje ɗaya, bawul ɗin tururi ba ya da ido, bai san gefen gaba ba bai san na baya ba, in ka buɗe shi duk faɗin gangar zai ƙara wa zafi. Shi ya sa kuka busar da kashi takwas na takarda fiye da kima don ku ceci kashi biyu.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin gangar don yaran yanzu geji kawai suke kallo. Tururi ba zafinsa kaɗai ke aiki ba, aikin yana faruwa ne lokacin da ya taɓa bangon ƙarfe ya koma ruwa, a nan yake sakin zafin da ya ɗauko daga boila, sama da kilojul 2,100 a kowane kilo. To wannan ruwan fa dole ya fita. Lissafa ka gani, in takarda ta baro rolar matsa, mai matse ruwa kafin ganguna, tana da kashi 40 na zare kashi 60 na ruwa, ka ce ka fitar da ita da danshi kashi 7, kowane tan ɗaya na takarda sai ka ƙafar da ruwa kusan tan 1.3, kuma tururin da za ka ƙona ya ɗara haka. Duk wannan tururin ruwa yake komawa a cikin gangunanka 16, kuma ta ɗan siririn bututu ɗaya da ke cikin kowace ganga, saifon, zai fita. Me zai tura shi ya hau bututun? Bambancin firesha tsakanin inda tururi ke shiga da inda ruwa ke fita. In shiga 3 ne fita ma 3 ne to ruwa yana nan zaune, geji na nuna maka 3 kana murna ganga kuwa ta zama randa. A inji mai tafiyar hawainiya irin naku ba a buƙatar da yawa, ruwa mai tsayin mita 10 ne ke daidai da ba 1, kai kuwa santimita 75 kawai za ka ɗaga shi zuwa tsakiyar ganga, in ka haɗa da abin da bututu ke ci bambancin 0.2 zuwa 0.3 ya wadatar in saifon lafiyarsa ƙalau. Tambayata, kuna ma da geji a layin fitar ruwa? Yawancin ƙananan kamfanoni ba su da shi, ko yana nan allurarsa ta mutu tun zamanin da.

Kai kuma ɗan Samaru, lambobinka daidai ne, Allah ya yi albarka. Amma sandunan nan ba na injin Auwalu ba ne. Sai inji ya yi gudu sosai, wajen mita 300 a minti zuwa sama, ruwa ke barin ƙasa ya manne ya zagaye bangon ganga gaba ɗaya, a nan sanduna ke amfani don su tarwatsa shi. A mita 90 ruwan kwance yake a gindin ganga yana ɗan tumbatsa, kuɗinku kawai za ku zubar.

Abu na biyu da ba a kula da shi, iska. Duk sanda NEPA ta ɗauke ko aka tsaya gyara, tururin da ya rage a ganga yana hucewa ya koma ruwa, sai ganga ta zuƙo iska ta duk inda ta samu kafa. In an tashi aiki ba a fitar da ita ba tana nan, ita ba ta komawa ruwa, kuma geji yana ƙirga ta a matsayin firesha. A ba 3 in kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ciki iska ce, maimakon digiri 144 kusan 136 za ka samu, ban da shimfiɗar da take yi a bango ta tare zafi. Kuma iska ta fi son taruwa a ƙarshen da ya fi nisa da mashigar tururi. Mashiga tana baya wajen giyar da ke juya gangar, ƙarshe mai nisa shi ne gefen gaba, wajen da kake kuka da shi. Ban ce ita ce ba, na ce a duba. Haka in gangar ta ɗan karkata gaba saboda boris ɗin da take juyawa a kai ya ci ko ƙasa ta zauna, ruwan zai fi zurfi a can.

Ga abin da za ka yi kafin ka sake taɓa bawul. Nemi ma'aunin zafi na taɓawa, mai ɗan harshe da ake dangwalawa a jikin ƙarfe, kada ka yarda da bindigar auna zafin nan mai jan haske, a kan ƙarfe mai sheƙi ƙarya take yi sosai. Bi gangunan ɗaya bayan ɗaya ana cikin aiki, gaba da tsakiya da baya inda hannu zai kai lafiya, ka rubuta. Ka sa riga mai ɗamewa kada ka je da 'yar-shara ko hannun riga yana reto, wurin nan ba ya mayar da abin da ya kama. Fuskar ganga mai lafiya takan yi ƙasa da zafin tururinta da kamar digiri 20 zuwa 30, in ka ga wadda tazarar ta kai 40 ko 50 ka sa mata alli. Sannan ka yanki takarda daga baki zuwa baki a wuri biyu, ɗaya da ta baro rolar matsa kafin ta hau gangar farko, ɗaya a wajen naɗi. Yanka kowacce gida goma, kowane yanki cikin ledarsa nan take ka ƙulle, don a hunturun nan kafin ka taka zuwa ɗakin awo iska ta shanye maka rabin amsar. Auna nauyi, sa a tandar busarwa a digiri 105 har nauyi ya daina sauka, sake aunawa. In gefen nan tun daga rolar matsa ya fi jiƙa to ba ruwan tururi a ciki.

Kuma ina roƙonka da girman Allah, je ka karanta ɗan farantin da ke jikin gangunan ka ga iyakar firesha da aka rubuta. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi. Tsohon inji na hannu da ba a san tsatsar da ta ci cikinsa ba manaja na zaune a ofis yana cewa a ƙara, a ƙara.

Mai_Dabi_Sabongari

Ni ba injiniya ba ne, ɗab'i nake yi a Sabon Gari, amma mu ne muke shan wahalar abin da kuke fitarwa shi ya sa na tsoma baki. Takardar da danshinta bai daidaita ba tun a rim ake gane ta, ka buɗe leda ka ajiye ta kwana ɗaya sai ka ga baki ya yi tudu-tudu ko ta nannaɗe kamar tabarma, inji ya riƙa ɗaukar biyu-biyu ko ya cukurkuɗe ta, in aikin kala ne kuwa kala ta biyu ba za ta hau kan ta farko daidai ba don takardar ta motsa a tsakani. Da damina baki ke shan danshi ya yi igiya, da hunturu baki ke bushewa ya ɗame tsakiya ta kumbura. Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 amma har yau farar takardar da muke aiki da ita daga waje ake kawowa, dala ta motsa mu motsa. In dai za ku gyara ku fara yin fara muna nan muna jira Malam Auwalu.

Auwalu_Kwangila

Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma, na kwafe duka a littafi. Geji a layin fitar ruwa akwai guda ɗaya amma tun da na zo allurar a kwance take. Farantin kuma na duba an rubuta ba 4. Malam mai ɗab'i fara kam sai a hankali, kwali ma ya muka ƙare da shi.

Maman_Hanif_Kongo

Sannunku. Baba ya gama magana a kan cikin ganga, ni bari in ɗauki ɗaya matsalar ta hawa da sauka don aikina kenan, na'urorin awo da kontirola, duk da ni a kamfanin lemo da na masaƙa na yi ba na takarda ba, amma tururi tururi ne.

Malam Auwalu ba ka faɗa mana yadda kuke sarrafa firesha ba, da hannu ne ko akwai kontirola, wato na'urar da ke buɗe bawul ta rufe da kanta? Kuma nawa boila take bayarwa? Don boilar da ake ciyarwa da shebur dole ta yi numfashi, an zuba ɓuntu wuta ta danne firesha ta faɗi, wuta ta kama ta tashi, in ɓuntun da ɗan danshi abin ya fi muni. Wannan ba laifin mutum ba ne yanayin abin ne. Maganinsa a bar boila tana aiki can sama, misali 8, a sa bawul mai rage firesha ya riƙe babban layi a 5 ko kusa, sannan kowane rukuni na ganguna ya samu nasa bawul. In boila ta yi lilo tsakanin 7 da 9 gangunan ba su ma san an yi ba. Amma in kuna tafiyar da boila a 4 kuna neman 3.5 a ganga, duk tarin da ta yi sai ya fito a takarda.

In kuma akwai kontirola to a duba bawul ɗin kansa. Abin da na fi gani shi ne sandar bawul ta cije, ko an ɗaure abin toshe yoyo da ƙarfi don tururi na fita ta wajen, kontirola ta ce buɗe kaɗan bai motsa ba, ta ƙara bai motsa ba, ta ƙara sai ya fizge ya wuce inda ake so, sai ta dawo rufe kaɗan haka dai, firesha ta riƙa zane irin haƙoran zarto har a tashi aiki. Gwajin ba wuya, mayar da kontirola hannu, ƙara mata kashi 1 ko 2 ka tsaya a gaban bawul ɗin ka zuba wa sandar ido. In sai ka ƙara sau uku huɗu kafin ta motsa ka samo ɓarawon. A duba iskar kwamfiresa da ke tura shi ma, in da ruwa a layin ko ƙarfinta na faɗuwa haka zai yi ta yi. Wani lokacin kuma bawul ɗin ne ya yi girma, an sayo na layi inci 4 inda na inci 2 zai yi, yana aiki a kusan rufe, ɗan motsi kaɗan tururi ya yi yawa.

Sai halin ma'aikata, ku yi haƙuri zan faɗa. Ganga ƙarfe ce mai kauri mai nauyin tan-tan, in ka ƙara firesha yanzu sai an ɗau mintuna kafin takarda ta nuna. Mai shif ya taɓa naɗi ya ji danshi ya buɗe bawul, bai ga canji nan take ba ya ƙara buɗewa, can zafin ya iso gaba ɗaya takarda ta ƙone ya rufe da yawa, shi da kansa ya zama abin da ke kaɗa firesha. A ƙara 0.1 ko 0.2 a jira a gani. Haka in takarda ta tsinke, gangunan suna juyawa ba abin da ke shan zafinsu, in ba a rage tururi ba suna ta ɗumama, da an sake zura takarda farkon naɗin nan zai fito busasshe ƙarau. A sa doka, ta tsinke a rage, an zura a mayar a hankali.

Manyan injina suna da na'ura mai kai da kawo a kan takarda tana auna danshi, ita ke gaya wa kontirolar tururi inda za ta tsaya. Na san kuɗinta ba na ƙaramin kamfani ba ne. Amma takardar rubutu da biro ba su da tsada, duk minti 15 a rubuta firesha ta boila, ta kowane rukuni, gudun inji, nauyin takarda da danshi. Na sa nauyin takarda da gangan, don in kwaɓin da ke zuwa daga baya yana kauri yana tsinkewa, danshi zai yi ta rawa ko da firesha ta tsaya cak.

Injiniyan_Gobe

Baba na karɓi gyara. Amma ina da tambaya, me ya sa ba za a ba duk gangunan firesha ɗaya ba a huta? Na ga kamar rarraba su rukuni-rukuni ƙarin bawul ne da ƙarin abin lalacewa.

Baba_Mai_Tururi

Ɗan Samaru ka taɓa ɗora dutsen guga mai zafi sosai a kan rigar da aka sa wa sitaci tana jiƙe? Kamawa take yi. To haka takarda, tana baro rolar matsa fiye da rabinta ruwa ne, zarenta bai riƙe juna ba, in ta faɗa kan ganga mai digiri 130 fuskarta za ta manne, zare ya tsattsage ya zauna a ƙarfe, takarda ta yi ƙura ta yi ƙuraje ta riƙa tsinkewa. Su Auwalu ma nasu ya fi, don tsohon kwali cike yake da gam da salatif da kakin da ba sa fita duka a wanki, zafi na taɓa su sai su narke su shafe gangunan farko, kuma duk inda suka taru zafi ba ya ratsawa daidai, ga wata hanyar samun layin danshi. Shi ya sa gangunan farko ake barinsu da ɗumi kawai, fuskar kamar digiri 70 zuwa 80, a riƙa hawa a hankali, ƙarfin busarwa yana gangunan tsakiya zuwa na ƙarshe. Kuma a tabbata wuƙar da ke kankare fuskar ganga tana zaune daidai daga baki zuwa baki.

Rarrabawar tana da wata riba. Tururin da ya bi ruwa ya fita daga babban rukuni ba a zubar da shi, ana kai su tanki a raba, ruwa ya koma boila da zafinsa, tururin a tura shi rukunin farko mai ƙaramar firesha. To ka ga tazarar da ke tsakanin rukunin nan biyu ita ce ke jawo ruwa daga babban rukuni. In wani mai shif ya ga danshi ya je ya buɗe wa rukunin farko sabon tururi har firesharsa ta matso ta babban, ya kashe tazarar, manyan gangunan su cika da ruwa, takarda ta ƙara jiƙa, shi kuma ya ƙara buɗewa. Na ga an kwana ana wannan. Alamarta mota mai juya rukunin tana jan wuta fiye da kullum allurar amfiya na lilo, in ka kasa kunne kusa da murfin ganga za ka ji ruwa na faɗuwa ciki rugum rugum.

Hajiya ta Kongo maganarki ta rubutu duk minti 15 ita ce gaskiya, Allah ya saka.

Auwalu_Kwangila

Jama'a na dawo da rahoto. Mun ari ma'aunin taɓawa mun bi gangunan. Yawancin na babban rukuni suna tsakanin 112 da 120 a ba 3, amma ta 9 da ta 12 ɗaya 84 ɗaya 90, gilashin leƙen ruwa na ta 9 kuwa ko ɗigo ba ya wucewa. Da aka tsaya ran Juma'a muka bari ta huce muka buɗe murfin, Baba wallahi ruwa ya kusa rabi, da bokiti aka kwashe, bututun saifon ya karye daga gwiwa yana kwance a ƙasa ya gurje cikin gangar ya yi fari. Ta 12 bai karye ba amma bakinsa ya ɗago sama da ƙasa sosai. An gyara duka biyu an sa sabon geji a layin fita, yanzu a 2.6 muna samun bushewar da da sai 3.5.

Hajiya kontirola akwai a babban rukuni kawai, na yi gwajin, sai da na ƙara kashi 6 sandar ta motsa, makaniki ya sassauta ya sa mai. Boila kuma a 5 suke riƙe ta wai don tsimin ɓuntu, tana faɗowa har 3.5. Lilon danshi ya ragu amma bai tafi ba.

Gefen gaba kuma yana nan da danshinsa, ya ragu kaɗan dai. Yankan da muka yi bayan rolar matsa ya nuna tsakiya zare kashi 41, gefen nan 38. Mai boila dai an bar shi.

Baba_Mai_Tururi

Alhamdu lillahi. To ka gani da idonka, 38 da 41, tun kafin ta ga tururi aka cuce ta. A lissafin da muka saba duk maki ɗaya da ka rasa a rolar matsa kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarin tururi ne, gefen nan yana neman fiye da kashi 10 sama da sauran, ba gangar da za ta ba shi wannan ta bar maƙwabcinsa. Ku koma wajen matsa. A duba ko ƙarfin dannawa ɗaya ne gaba da baya, a sa takardar kabon tsakanin rololin a danna a tsaye a ga zanen, in gefen gaba ya fito siriri ko ya dushe to ko robar rolar ta ci ko hannun dannawa na gaba ya yi sanyi. A duba bargon da ke bi da takarda ta tsakanin rololin ma ko ya toshe a wannan gefen, sau da yawa 'yan bututun fesa ruwan wanki na bakin ne ke toshewa ba wanda ya lura, musamman masu aiki da ruwan da aka sake juyowa.

Gangar da saifon ya gurje kuma kada ku wuce 3 da ita sai an kawo masu auna kaurin ƙarfe sun duba, kuma a gwada bawul ɗin kariya a tabbata yana tashi. In za ku tashi inji daga sanyi a buɗe mafitar iska, a sa tururi kaɗan-kaɗan gangunan suna juyawa, kada a ɗumama ganga a tsaye.

Maman_Hanif_Kongo

Boila a 5 tana faɗowa 3.5 ba tsimi ba ne, ku dai duba iyakar da aka rubuta mata, in ta yarda a ɗaga ta a sa mai rage firesha a gaba. Sandar da ta cije har kashi 6 kuma mai ba zai riƙe ta daɗe ba, a canza abin toshe yoyon gaba ɗaya a tsayawa ta gaba. Ka ɗauki hoton takardar rubutun nan ta shif biyu ko uku ka turo nan, ina so in ga ko lilon da ya rage yana tafiya da lokacin zuba ɓuntu ne ko da nauyin takarda.